Amsoshin Tambayoyinku: An Ce In Sa Hannu a Kwantiragin Dubai Ko In Koma Legas

TAMBAYA: Ni injiniya ne, ɗan asalin Kano. Na daɗe ina aiki a Legas da wani kamfanin ƙasa da ƙasa mai yi wa rijiyoyin mai hidima, sai a 2021 suka ba da ni aro ga reshensu na Dubai. Tun zuwana su ke biyan hayar gida, da kuɗin makarantar yarana uku, da inshorar lafiyar iyali, da tikitin zuwa gida sau ɗaya a shekara, kuma ba su fasa zuba mini kuɗin fansho a Najeriya ba. Kwatsam sai ofishin kula da ma'aikata ya kira ni, aka ce wa'adin aron ya cika. Ko dai in ajiye aikina na Legas in sa hannu a kwantiragin Dubai kamar kowane ma'aikacin da aka ɗauka a nan, ko in tattara in koma gida, alhali kujerata ta Legas an riga an ba wani. Albashin da suka rubuta dirhami 30,000 ne a wata, ya fi abin da yake shigowa hannuna yanzu, amma babu gida, babu makaranta. Sun ba ni wata guda in ba da amsa. Shin doka ta ba su wannan damar? Me ya kamata in duba kafin in sa hannu? Uwargida na cewa mu zauna saboda karatun yara, ni kuma zuciyata ta rabu biyu.

Daga wani mai karatu a Dubai

AMSA: Injiniya, Allah ya sa a fita lafiya.

A mafi yawan lokuta, i, suna da wannan damar. Aron ma'aikaci daga wani reshe zuwa wani yana da wa'adi, yawanci shekara biyu zuwa biyar, kuma takardar da ka sa wa hannu kafin ka bar Legas ita ce alƙalin farko a wannan magana. Ɗauko ta ka karanta a tsanake, musamman sashen da ya yi bayanin abin da zai faru idan wa'adi ya cika. Abin da ba su da ikon yi shi ne su sauya maka sharuɗɗan aiki ba da yardarka ba, shi ya sa suke neman sa hannunka. Wata gudan da suka ba ka kuma tsarin ofishinsu ne, ba wata doka ce ta yanka shi ba. Kana iya neman ƙari a rubuce, kuma wanda ya nema cikin ladabi da hujja, sau da yawa yakan samu.

Kada ka ɗauka wani laifi ka yi, ko wani ne ya kai sukarka. Masu lissafin kamfanoni sukan ce ma'aikacin aro yana cin ninki biyu ko uku na abin da takwaransa na gida yake ci, idan aka haɗa haya da makaranta da tikiti da sauran tarkace. Tun da farashin ɗanyen mai ya faɗo daga sama da dala 100 a tsakiyar 2014 zuwa ƙasa da dala 30 a farkon 2016, kamfanonin harkar mai suka shiga datse irin wannan gata, annobar korona ta 2020 kuma ta ƙara musu hujja. Tunaninsu shi ne, mutumin da ya shekara huɗu a gari, ya san kasuwa, yaransa sun yi abokai, ai ba baƙo ba ne kuma, don me za a ci gaba da biyansa ladan baƙunta? Mu ma a gida haka muke yi wa baƙi, da doka ma. Dokar bunƙasa hannun 'yan ƙasa a harkar mai da iskar gas ta 2010 ta tilasta wa kamfanoni su tsara yadda ɗan Najeriya zai gaji kujerar baƙo bayan shekara huɗu. Wataƙila kai kanka ka ci gajiyarta a Legas.

Yanzu ga inda nake so ka fi mai da hankali, domin na lura a wasiƙarka albashi da haya ne suka fi tsaya maka a rai. Su ma suna da muhimmanci, za mu zo kansu. Amma babban abin da wannan takarda za ta sauya shi ne wanda yake ubangidanka. A yau kai ma'aikacin Legas ne da aka ajiye a Dubai. Idan reshen Dubai ya rufe gobe, akwai wanda nauyinka yake wuyansa: ya kwaso ka da iyalinka da kayanka, ya nema maka kujera, in bai samu ba ya sallame ka bisa sharuɗɗan aikinka na gida da dukan shekarun da ka yi. Ranar da ka ajiye aikin Legas, wannan igiyar ta tsinke. Ka zama ma'aikacin wani kamfani mai rajista a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, ko da tambarinsu ɗaya ne da na Legas, kuma abin da zai ba ka ranar rabuwa shi ne abin da dokar ƙwadagon ƙasar ta ce, sai wanda ka yi nasarar sa aka rubuta a kwantiragi.

Shi ya sa kalmar "ajiye aiki" da suka yi amfani da ita ba ta kwanta mini ba. Wanda ya rubuta takardar ajiye aiki da hannunsa, a idon doka shi ya tafi don kansa, kuma a kamfanoni da yawa hakan yana zubar da haƙƙin sallamar da ake ba wanda aka rage. Kujerarka ta Legas an ba wani, ma'ana idan ka ce za ka koma, matsalar tasu ce: ko su samo maka wata, ko su biya ka kuɗin rage ma'aikata. Sun san da wannan. Kada ka sauke musu wannan nauyin kyauta. Abin da ya dace shi ne yarjejeniya guda mai sa hannun ɓangarori uku, kai da ofishin Legas da na Dubai, wadda za ta bayyana cewa kamfani ne ya mai da aikinka can, ta faɗi abin da za a biya ka na shekarun Legas, ko kuma ta ce an ɗauke su an ɗora a kan sabon kwantiragi. Duk wanda aka zaɓa, a rubuta shi da adadi da kwanan wata.

Dokar da za ka koma ƙarƙashinta ita ce dokar ƙwadago mai lamba 33 ta 2021, wadda ta fara aiki ranar 2 ga Fabrairun 2022, kuma ma'aikatar ƙwadagon ƙasar, wadda aka fi sani da MOHRE, ita ke kula da ita. Wannan idan kamfaninku ba a cikin cibiyar hada-hadar kuɗi ta DIFC yake ba, domin ita tana da dokarta daban. A ƙarƙashin dokar ta 2021, baƙo ba shi da fansho. Fanshon gwamnati na 'yan ƙasa ne da 'yan sauran ƙasashen yankin Gulf. Abin da baƙo yake da shi shi ne garatuti: albashin kwana 21 a kan kowace shekara cikin biyar ɗin farko, sannan na kwana 30 a kan kowace shekara bayan nan, muddin jimillar ba ta wuce albashin shekara biyu ba. Sai ka cika shekara guda kafin ka cancanta, kuma dole a biya ka cikin kwana 14 da ƙarewar aiki.

To, ga inda ake yi wa mutane wayo. Ba da dukan albashi ake lissafin garatuti ba, da gundarin albashi ake yi, wato abin da ya rage bayan an cire alawus na gida da na mota da makamantansu. Dirhami 30,000 ɗin nan da suka rubuta maka, yaya aka raba shi? Mu ƙaddara gundarin 18,000 ne, sauran alawus. Albashin yini ya zama 600, garatutin shekara guda 12,600, na shekara biyar 63,000. Idan kuwa suka sa gundarin ya zama 12,000, abin da zai shiga asusunka a ƙarshen wata bai sauya ba ko da dirhami ɗaya, amma garatutin shekara biyar ya sauko zuwa 42,000. Ka yi asarar 21,000 ba tare da ka ji a jikinka ba, sai ranar sallama. Don haka kafin ka yi jayayya a kan jimillar albashi, nemi a nuna maka rabonsa, ka matsa a ɗaga gundarin. Wannan buƙata ce da ba ta ƙara wa kamfani kashe kuɗi a wata, shi ya sa ba ta cika yin wuyar samu ba.

Sai batun shekaru huɗun da ka riga ka yi a Dubai. Akwai abin da masu zaman aro da yawa ba su lura da shi ba: kafin a ba ka izinin aiki da na zama ta hannun kamfani, an yi maka rajistar wani kwantiragi a ma'aikatar ƙwadago ko a hukumar yankin kasuwancin da kamfanin yake. Mai yiwuwa ka sa masa hannu a makonka na farko cikin tarin takardu, an ce maka na biza ne kawai. Nemo shi, ka duba ranar da aka rubuta ka fara aiki da gundarin albashin da ke ciki. Idan sabon kwantiragi ya amince cewa aikinka ya faro tun 2021, to a misalinmu na sama kana da 50,400 a ajiye tun yau, kuma saura shekara guda ka shiga matakin kwana 30. Idan aka ce lissafi ya faro daga sifili, sai ka sake shekara biyar a matakin kwana 21. Suna iya cewa ai sun zuba maka fansho a Najeriya a waɗannan shekarun, ba za su biya sau biyu ba. Magana ce mai kama hankali, amma ba ta hana a amince da ranar fara aikin don lissafin gaba ba. A nan ne kuɗin ganin lauyan ƙwadago na awa ɗaya ko biyu yake biyan kansa.

Haka kuma ka duba ko sun saka maka lokacin gwaji. Doka ta yarda da gwaji har wata shida, kuma a cikinsa ana iya sallamar mutum da sanarwar kwana 14 kacal. Doka ta kuma ce kamfani ɗaya ba ya gwada ma'aikaci sau biyu. Mutumin da ya shekara huɗu a kan teburi ɗaya ba shi da abin da za a gwada a kansa, a soke wannan layin. Wa'adin sanarwar sallama kuma doka ta sa shi tsakanin kwana 30 da 90. Mai iyali da yara a makaranta 90 zai nema.

Dalilin neman 90 ɗin shi ne biza. Izinin zamanka yana rataye ne da aikinka, na uwargida da yara kuma yana rataye da naka. Idan aiki ya ƙare aka soke izinin, ana ba mutum wa'adin da zai nemi wani aikin ko ya fita, daga wata ɗaya zuwa wata shida gwargwadon ajin izininsa da sana'arsa. A lokacin aro wannan bai dame ka ba, tunda akwai inda za a mai da kai. Yanzu zai dame ka. Kuma dokar ba ta tanadi wani kuɗin rage ma'aikata na musamman ba, abin da za ka samu shi ne kuɗin wa'adin sanarwa, da garatuti, da kuɗin hutun da ba ka ci ba, da tikitin komawarka kai kaɗai. Tikitin iyali da jigilar kaya sai in an rubuta. Ka sa a rubuta, ba tare da wa'adin ƙarewa ba: duk ranar da kamfani ya sallame ka, shi zai mai da ku Kano ko Legas da kayanku.

Mu 'yan Najeriya muna da ƙarin dalilin yin hattara a nan. Daga Oktoban 2022 hukumomin ƙasar suka dakatar da ba 'yan Najeriya biza, ba a sassauta ba sai a Yulin 2024, jirgin Emirates ma bai dawo Legas ba sai ranar 1 ga Oktoban 2024. Kana can lokacin, ka fi ni sanin yadda waɗanda aikinsu ya ƙare a wannan tsakanin suka sha fama wajen samun sabon izinin aiki. Abokin aikinka ɗan Ingila ko ɗan Indiya zai iya ce maka in an sallame ka ai sai ka tsallaka wani kamfanin, kuma a wurinsa gaskiya ne. Kai fasfonka ya taɓa zama cikas, don haka ka sa wannan a lissafi. Abin da zai rage maka wannan fargaba shi ne izinin zaman da bai rataya da kamfani ba. Akwai na shekara goma da ake kira bizar zinariya, wadda ƙwararru masu digiri da albashin da ya kai dirhami 30,000 a wata suke iya nema, akwai kuma koriyar biza ta shekara biyar ga ƙwararru masu albashin 15,000 zuwa sama. Ka je hukumar kula da izinin zama ta Dubai ka ji yadda suke lissafin albashin kafin a kammala rabon naka, domin wannan ma wani dalili ne na ɗaga gundarin. Ka nemi kamfani ya ba ka takardun da ake buƙata, in da hali ya biya kuɗin neman.

Akwai kuma inshorar rasa aiki da aka fara a Janairun 2023. Kuɗinta kaɗan ne, dirhami 5 a wata ga mai gundarin albashin 16,000 zuwa ƙasa, 10 ga wanda ya haura. Idan aka sallami mutum ba da laifinsa ba bayan ya biya na wata 12 a jere, ana ba shi kashi 60 cikin ɗari na gundarin albashinsa har tsawon wata uku. Wanda ya ajiye aiki da kansa ba ya samu. Ba za ta riƙe gida mai yara uku ba, amma ka tabbata kana ciki.

Mu dawo kan haya da makaranta. A nan ba ni da abin da zan faɗa maka da ya fi takarda da biro. Ka tambayi ofishinku nawa suke biya wa gidan da kake ciki a shekara, ka tambayi makaranta nawa ne kuɗin kowane yaro har da mota da littattafai da kayan makaranta, ka haɗa, ka raba gida 12, ka cire daga 30,000. Abin da ya rage shi za ka kwatanta da abin da yake shigo maka yanzu. Mutane da yawa a nan suke gane cewa ƙarin albashin da aka yi musu ragi ne. Ka tuna kuma hayar Dubai ba wata-wata aka saba biya ba, cek ake rubutawa na shekara, sau da yawa guda ɗaya zuwa huɗu, ga kuɗin ajiya, ga ladan dillali, ga harajin gida na kashi 5 cikin ɗari na hayar shekara da ake sakawa a takardar wuta da ruwa ta DEWA. Idan hayar da sunan kamfani take, sai an sake rajistar hayar da ake kira Ejari da sunanka, kuma mai gida yana iya cewa sabuwar yarjejeniya ce da sabon farashi. Inshorar lafiya ma haka: a Dubai doka ta wajabta wa kamfani ya yi wa ma'aikacinsa, amma ta iyali tana kan wanda ya ɗauki nauyin bizarsu, wato kai, sai in kamfani ya ga dama. A Abu Dhabi ne doka ta ɗora wa kamfani ta mata da yara uku 'yan ƙasa da shekara 18.

Kamfanoni da yawa ba sa yanke gatan nan rana ɗaya idan ma'aikaci ya nema. Akan janye shi a hankali cikin shekara biyu ko uku, a biya duka a shekarar farko, a rage a ta biyu, a ƙare a ta uku. Akwai kuma tsarin tsaka-tsaki da ake ba mutum kwantiragin gida amma a bar masa abu ɗaya ko biyu, galibi kuɗin makaranta. In da ni ne aka ce in zaɓi abu ɗaya, makaranta zan riƙe in saki gida. Gida kana iya komawa ƙarami, ko ka tsallaka Sharjah inda haya ta fi sauƙi ka haƙura da cunkoson safiya. Amma ɗauke yaro daga makaranta a tsakiyar manhaja, musamman wanda ya kusa jarrabawar kammala sakandare, ɓarnarsa ba ta gyaruwa da kuɗi. Uwargida tana da gaskiya a wannan gefen. Sai dai zaman da take so ba zai yiwu ba sai lissafin ya fita, don haka ku zauna ku yi shi tare, ta ga alƙaluman da idonta.

Fanshonka na Najeriya ba zai ɓace ba. A ƙarƙashin dokar fansho ta 2014, asusun naka ne, da sunanka yake a hannun kamfanin kula da fansho, kuma za a ci gaba da juya abin da ke ciki har ka kai shekara 50 ko ka yi ritaya. Abin da zai tsaya shi ne zubin wata-wata, kashi 10 na kamfani da kashi 8 naka. Ka kwatanta: garatutin kwana 21 bai kai kashi 6 cikin ɗari na gundarin albashin shekara ba, na kwana 30 kuma ya ɗan haura kashi 8. Giɓin a bayyane yake, kuma ba wanda zai cike maka shi sai kai. Ga wani bambancin: garatuti alkawari ne a littafin kamfani, ba kuɗi ne da aka ware a wani asusu ba, in kamfani ya durƙushe sai ka bi layin masu bin bashi. A DIFC ne tun Fabrairun 2020 aka wajabta zuba shi wata-wata a asusun da ake kira DEWS, sauran ƙasar kuma an buɗe irin wannan tsarin a 2023 amma na ganin dama ne ga kamfani. Ka tambaya ko naku ya shiga. Ka kuma sani idan kana da bashin banki a can, bankin yakan riƙe kuɗin sallama idan ya shigo, har sai ya ga sabon aiki ko an biya shi.

Wani abin da kusan kowa yake mantawa: dokar fanshon nan ta 2014 ta wajabta wa kamfani ya yi wa ma'aikaci inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na albashinsa na shekara ba. Da ka bar littafin Legas, ta faɗi. Rai na hannun Allah, amma mai yara uku a ƙasar da ba tasa ba ya kamata ya tambayi abin da zai maye gurbinta, ko na kamfani ko na inshorar Musulunci ta takaful da zai yi da kansa.

Kada in cika ka da abin tsoro, kwantiragin gida yana da nasa alherin. Babu harajin albashi a ƙasar. Dirhami yana ɗaure da dala a kan 3.6725 tun 1997, alhali naira da take wajen 460 a dala kafin a sake ta a Yunin 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024. Idan wani ɓangare na albashinka ko na fanshonka da naira ake lissafa shi, ka riga ka ga yadda ya narke. Sannan za ka samu 'yancin da ɗan aro ba shi da shi: kana iya neman aiki a wani kamfanin ka tafi da garatutinka cikakke, domin dokar yanzu ba ta rage wa wanda ya ajiye aiki bayan shekara guda komai, saɓanin tsohuwar dokar 1980. Sai dai ka duba sharaɗin hana ka aiki da abokan gogayyarsu. Doka ta yarda da shi har shekara biyu, amma sai an fayyace wuri da lokaci da irin aikin. A sana'a irin taku da kamfanonin ba su da yawa, ka nemi a taƙaita shi zuwa 'yan watanni ko a cire. Batun harajin Najeriya kuma, tunda an sa hannu a sababbin dokokin haraji a Yunin 2025, ka sa akanta ya duba maka matsayinka, musamman idan kana da gidan haya ko wata hanyar samu a gida.

Idan ka tambaye ni ra'ayina, ga shi. Ba zan ce ka ƙi ba, ba kuma zan ce ka sa hannu a takardar yadda take ba. Tayin farko ne, kuma wanda ya rubuta shi ya bar wurin ciniki, kamar yadda ɗan Kantin Kwari ba ya fara faɗin kuɗin da zai sallama. Suna son ka zauna, in ba haka ba da sallama za su yi maka, ba tayi ba. Neman wani injiniyan da koya masa aikin da ka shekara huɗu kana yi ya fi musu tsada a kan kuɗin makarantar shekara biyu. Ka rubuta musu amsa guda, gajera, mai ladabi, ka ce kana son zama, ga abubuwan da kake so a gyara. Ka fara da waɗanda ba sa cin kuɗi yanzu, ranar fara aiki da rabon albashi da soke gwaji da wa'adin kwana 90, sannan ka kawo masu cin kuɗi. Duk abin da aka amince a baki ko a saƙon imel, ka tabbata ya shiga kwantiragin da za a yi wa rajista ko wata takarda mai sa hannu da hatimi, domin manajan da ya yi maka alkawari yau yana iya barin kamfanin kafin baɗi.

A lokaci guda kuma ka tambayi Legas a rubuce: in na dawo, wace kujera, wane mataki, nawa ne albashi, in kuma babu kujera nawa ne kuɗin sallama? Ba don lallai za ka koma ba. Sai ka riƙe amsoshin biyu a hannu ne za ka san wanne ya fi, su ma kuma za su san ba a makance kake ciniki ba. Idan lissafin Dubai ya nuna za ka riƙa cin ajiyarka kowane wata don biyan haya da makaranta, komawa da kuɗin sallama a hannu ta fi zaman da zai ƙare da bashi, kuma injiniyan da ya yi aiki a yankin Gulf ba ya rasa masu nemansa a Fatakwal ko Legas, ko ma Saudiyya da Ƙatar.

In komawar ce ta tabbata, ka nemi a ɗaga ranar zuwa ƙarshen shekarar karatu, wajen ƙarshen Yuni ko farkon Yuli a makarantun da ke bin manhajar Ingila ko Amurka, ka karɓi takardar canjin makaranta ta kowane yaro tun kafin a soke biza. Ka rufe asusun DEWA da katin bashi, ka karɓi shaidar banki cewa ba a bin ka komai. Kuma kada ka sa hannu a takardar da ke cewa ka karɓi dukan haƙƙoƙinka sai kuɗin sun shiga asusunka. Idan aka samu saɓani a kan lissafi, ƙorafi a MOHRE kyauta ne, kuma tun farkon 2024 ma'aikatar tana da ikon yanke hukunci da kanta a kan duk da'awar da ba ta wuce dirhami 50,000 ba, wadda ta haura haka kuma ta tura ta kotu.